Da Ni Ne A Jikin Mowa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka.

Ƙanwata ta ba ni labarin wata almara ta mutanen Japan da aka nuna a talabijin a 2020. Wai wata 'yar makaranta ce ta mutu, ta farka a jikin Katarina, muguwar cikin wasan da ta saba yi, wadda ƙarshenta kora ce ko kisa. Mun dai san mamaci ba ya dawowa, amma tun ran nan ban sami sukuni ba.

Mu ma muna da tamu muguwar, wato Mowa ta tatsuniya. Ina yaro a Morai uwata ta rasu, kishiyarta ta riƙe ni. Da dare in ana tatsuniya aka zo kan Mowa, fuskar Inna nake gani. In ta aike ni rijiya in ce zalunci, in ta hana ni wanka a magudanar ruwan Bakalori in ce ƙiyayya. Sai da ta kwanta dama bara Baba ya gaya mini awakinta biyu ta sa aka kai kasuwar Talata Mafara, aka biya mini kuɗin makaranta, ta ce kada a faɗa mini.

Malamai, da ni aka sa a jikinta, ga ɗan kishiya kullum yana harara, anya zan sayar da ko kaza? Shekara 12 ina cin albashi, ban taɓa kai mata ko turmin atamfa ba.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Morai.