Kwano Ba Ya Karɓar Fentin Gaggawa

Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, ya daɗe da fita daga zamanin jinka da soron ƙasa. Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, sa'an nan aka buɗe jami'ar jiha a garin a farkon shekarun 2000, sai gine-gine suka yi ta tashi ba ƙaƙƙautawa, domin ma'aikata da 'yan makaranta duk suna neman ɗakin haya. A unguwar Sabon Gari da wuya mutum ya wuce gida uku bai ga sabon rufin kwano ba, ko ƙofar ƙarfe, ko tankin ruwa a bisa ƙafafu. Amma wanda ya lura zai ga wani abin takaici, watau da yawa daga cikinsu fentinsu ya saɓule yana reto kamar saɓar maciji, alhali kuwa ba su yi damina biyu da shafawa ba.

A wannan unguwa akwai wani dattijo mai fenti, wanda ya haura shekara 30 yana sana'ar, kuma an san shi da hali guda: ba ya taɓa shafa wa sabon kwano fenti ranar da aka kafa shi, ko nawa za a ba shi. Wannan hali ya jawo masa asarar aiki ba sau ɗaya ba, har waɗansu magina suka laƙaba masa sunan mai nawa. Shi kuwa abin da yakan ce shi ne, ba shi ne mai nawar ba, kwanon ne ba ya son a gaggauta shi.

Maganar tasa tana da tushe. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, wadda zafinta yake kai wajen digiri 450, har ta lulluɓe shi ciki da baya. Wani Bature mai suna Henry Palmer ne ya fara yin rajistar kwano mai kwarin nan a Landan a 1829, ba da daɗewa ba kuma wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe a tutiya. Amfanin tutiyar biyu ne. Na farko, tana tsare ƙarfe daga ruwa da iska. Na biyu, wanda ya fi ban mamaki, ko da an karce kwanon har ƙarfen ya bayyana, tutiyar da ke gefen wurin ita ce za ta riƙa cinyewa a madadinsa, ƙarfen kuwa ba zai yi tsatsa ba sai ta ƙare. Dattijon yakan kwatanta ta da dogari mai tare wa sarki sara.

To, ina matsalar take? Sabon kwano yana fitowa daga masana'anta da santsi, an kuma shafe shi da ɗan mai ko wani sinadari don kada ya lalace a ajiya, saboda haka fenti ba ya samun wurin kamawa. Bayan wannan, fentin mai, wanda masu ƙofofi suka fi so saboda ƙyallinsa, ba ya jituwa da tutiya ko kaɗan. Kowace mace mai yin sabulun salo ta san idan mai ya gamu da ruwan toka sabulu yake zama. Haka nan man da ke cikin fenti idan ya daɗe a kan tutiya, sai wani siririn sabulu ya taru tsakaninsa da kwano, daga nan fentin ya saki ya fara ɓarewa fale-fale. Ko jan fentin shimfiɗar nan da ake yi wa baƙin ƙarfe, in na mai ne, bai tsira daga wannan ba.

Wata shekara, ana gab da komawar 'yan jami'a, wani mai gidajen haya ya kira dattijon ya nuna masa sabuwar ƙofa da shingen kwano da masu walda suka gama jiya-jiya. Ya ce masa, "Baba, ina son in ga kore shar a nan kafin Juma'a, masu haya suna hanya." Dattijo ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya yayyafa a jikin kwanon, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka ga abin da ruwa ya yi? To, haka fenti zai yi. Ko dai ka bari damina ta dake shi, ko kuma ka ƙara kuɗin wanki da fentin shimfiɗa na musamman, in yi maka aikin kwana huɗu." Alhaji ya ga kamar dabarar ƙarin kuɗi ce, ya sallame shi, ya ba waɗansu samari suka gama a wuni ɗaya. A wannan makon dattijon ba shi da wani aiki a hannu, ga kuɗin makarantar yara. Yaronsa na sana'a, da suna komawa, ya ce, "Maigida, da mun shafa masa kawai, ai shi ya nema." Dattijo ya ce, "Ɗana, fentin zai faɗi, amma sunan wanda ya shafa ba zai faɗi tare da shi ba. Kowa ya wuce zai tambaya aikin wane ne."

Hanyar da dattijon yake bi ba ta da wani sirri. Idan mai gida yana da haƙuri, yakan ce a bar kwanon wata 6 zuwa shekara guda, rana da ruwa su cinye man da ke kansa, ƙyallinsa ya dushe ya koma ruwan toka. Wannan dushewar ita ce alamar ya nuna, domin fenti yana kama ta ƙwarai. Idan ba za a iya jira ba, sai wanki. Yakan kaɗa omo a ruwa, ya sa soso ya goge kowane kwari na kwanon, ya ɗauraye da ruwa mai tsabta har sau biyu, don ragowar kumfa ma tana hana fenti zama. Ba ya yarda a sa burushin waya ko sanfefa mai kaushi, domin kwanon zamanin nan ba shi da kauri, tutiyarsa kuma ba ta da yawa, gugar kirki ɗaya sai ta tafi da ita. Haka nan yana hana ruwan batir da soda, waɗanda wasu ke zubawa don sauri, saboda cinye tutiyar suke yi ƙurmus. In ya ga farin gari a jikin kwano, irin wanda ke fitowa idan bandir ya jiƙe a jibge ba iska, sai ya goge shi sarai. Inda tsatsa ta riga ta ci, da bakin walda inda wuta ta ƙone tutiya, nan kaɗai yake kankarewa har ƙarfe ya yi haske, ya shafa fenti mai garin tutiya a ciki. Bayan duk ya bushe, ya sake gwajin ruwa: in ruwan ya baje ya kwanta, aiki ya yi. Sa'an nan ya yi shimfiɗa da fentin da aka rubuta a gwangwaninsa cewa na kwano mai tutiya ne, ya bi da shafi biyu marasa kauri, yana ba kowane lokacin bushewa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A Keffi ruwa yakan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda haka ya fi son ƙarshen damina, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. Yakan fara da hantsi bayan raɓa ta bushe, ya tsaya kafin kwano ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, domin fenti a kan ƙarfe mai zafi samansa ke bushewa cikinsa ɗanye. Masana harkar ƙarfe sun tabbatar da cewa tutiya da fenti in sun haɗu yadda ya kamata, kowanne yana tsare ɗan'uwansa, har ƙarkonsu ya kai ninki ɗaya da rabi, ko fiye, na jimlar abin da za su yi in an raba su.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi nauyi. Gidaje da yawa suna tarar ruwan sama daga indararo su zuba a randa. Waɗansu fentin mai, musamman ja da rawaya, ana sa musu dalma, kuma idan suka ɓare garinsu yana bin ruwa, yana kuma zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mutanen Arewa ba su manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar fenti ba ta kisa farat ɗaya kamar haka, amma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Don haka dattijon ba ya shafa wa rufin da ake shan ruwansa fentin da bai tabbatar ba shi da dalma ba, cikin tanki kuwa ba ya taɓa shi da fenti sam. Yakan kuma gargaɗi masu walda cewa farin hayaƙin da ke tashi in suna ƙona kwano yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, kuma madarar da suke sha ba ta kare huhu, sai dai aiki a fili da rufe hanci.

Yaron nan nasa yanzu ya yi 'yanci, yana da nasa yaran. An ce duk wanda ya kawo masa ɗa koyon sana'a, wata uku na farko ba ya ba shi burushi, sai bokiti da soso. Iyaye sukan yi ƙorafi cewa fenti suka kawo yaro ya koya, ba wanki ba. Shi kuwa yakan amsa musu da abin da ya ji daga bakin maigidansa, cewa shafi kowa ma ya iya, mai fenti na gaske a wurin wanki ake gane shi.