Waiwaye Kan Elemantare: Wa Yake Bayan Malami?

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rajistar haraji ta zamanin En'e, ko littafin shari'a na kotun alƙali, ko wasiƙar da wani dattijo ya aika wa ɗansa a shekarun 1960, sai ya tsaya ya ƙara kallon rubutun. Baƙaƙe a tsaye, layi a miƙe, aya da waƙafi kowanne a gurbinsa, lambobi kuwa an jera su fam ƙarƙashin fam, sule ƙarƙashin sule. Da yawa daga cikin masu wannan hannu shekara huɗu kacal suka yi a makarantar boko. Elemantare suka gama aka ɗauke su aiki, wani malamin hakimi, wani malamin kasuwa, wani malamin daji, kuma da abin da suka samu a shekara huɗun nan suka riƙe littattafan hukuma har suka tsufa.

In aka tambayi dalili, wasu su ce albarkar zamani ce, wasu su ce bulala. Maganar bulala ban karɓe ta ba, domin har gobe dorina ba ta bar makarantunmu ba, kuma ba ta koya wa ko yaro ɗaya lissafin rabawa ba. Abin da na fahimta shi ne malamin elemantare na wancan lokaci, duk da ƙarancin karatunsa, ba a barin sa shi kaɗai a gaban allo. Akwai wanda ya horar da shi, akwai wanda ya rubuta masa littafi da harshen da yake ji, akwai kuma wanda zai zo ya zauna a bayan ajinsa ya ga yadda yake yi.

Tun daga tushe haka aka faro. Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ajin da ya fara tarawa na manya ne, malaman da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai. Su ya koya wa rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su koma garuruwansu su koyar. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, saboda malamin Sakkwato da na Bauci su riƙa rubuta kalma iri ɗaya. Bayan shekara goma sha biyu da buɗe Nasarawa, a 1921, Kwalejin Katsina ta fara aiki, ita ma don horar da malamai. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk can suka fito, kuma dukkansu da alli suka fara neman abinci, a makarantun midil na Sakkwato da Bauci da Katsina. Malaman elemantare kuwa aka yi musu nasu wuraren horo, irin su Toro, daga baya aka ƙara da su Maru da Wudil da Bichi da kwalejin mata ta Kano, inda ake samun takardar malanta mai daraja ta uku da ta biyu.

Littattafai kuma daga Zariya suke zuwa. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Dalilin gasar ba wani ba ne illa yaran da suka koyi karatu ba su da abin karantawa. Daga nan Magana Jari Ce ta biyo baya, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A shekarun nan ne aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, a madadin ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin baƙi. Can gaba yaran aji ɗaya suka samu Ka Koyi Karatu, na gaba da su Ka Ƙara Karatu, sannan Ka Yi Ta Karatu. Tsani ne aka kafa, kowane mataki da littafinsa, malami bai bukatar ya ƙirƙiro daga kansa abin da zai bai wa yaro gobe.

Manhajar ba ta da yawa. Karatu, rubutu, lissafi, addini, ɗan labarin ƙasa da tarihi, tsabta, aikin gona da sana'ar hannu, kuma duk da Hausa ake yi a mafi yawan lardunan Arewa. Turanci sai an yi nisa. Amma ɗan abin da ke ciki ana tsayawa a kansa. Yaro yakan fara rubutu da yatsa a kan yashi, yana zana sanda da zobe har hannunsa ya saki. Daga nan a ba shi ƙaramin allo da alli, ya haɗa baƙi da wasali, ba, be, bi, bo, bu, yana furtawa yana rubutawa. Sai ya nuna ya iya kafin a ba shi fensir da littafi, alƙalami da tawada kuwa sai manyan aji, kuma ranar da aka miƙa wa yaro alƙalami rana ce da ake ba da labarinta a gida. Akwai darasin gyaran hannu shi kaɗai, inda malami zai ja layi a baƙin allo ya rubuta jimla ɗaya, yara su kwafa, shi kuma yana bin benci benci yana gyara riƙon alƙalami. Akwai shifta, malami yana faɗa ana rubutawa, wadda ita ke tona asirin wanda bai rarrabe ƙ da k ba. Akwai insha'i da rubutun wasiƙa, kuma wasiƙar ba ta wasa ba ce: yaron aji huɗu shi ne marubucin unguwarsu, tsofaffi su zaunar da shi a zaure ya rubuta wa ɗansu da ya tafi cin rani Kurmi ko haƙar kuza Jos. In ya yi kuskure, kunyar har malaminsa take shafa.

Abin da na fi ganin girmansa shi ne ba a barin littafin yaro ya kwana biyu ba jan biro ko jan fensir a cikinsa. Aji bai cika wuce yara talatin zuwa arba'in ba, don haka malami yana iya duba aikin kowa, ya sa wanda ya ɓata kalma ya sake rubuta ta. Rubutu ba ya zama a hannun yaro sai wani babba ya duba ya ce nan ka yi daidai, nan sake.

Lissafi kuwa da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya da tsinken kara ake fara shi. A ɗaure tsinke goma da zare, ɗauri ɗaya ke nan, yaro ya gani da idonsa dalilin da ya sa ake cewa a rubuta biyu a riƙe ɗaya, ko a yi aro daga maƙwabci in za a ɗebe. Jadawalin sau ana rera shi da safe har sha biyu sau sha biyu, ba don sha'awa ba, sai don kuɗin zamanin ya tilasta haka. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi kwabo 6, taro kwabo 3, ga ɗari rabin kwabo, ga anini wanda goma ke yin kwabo. Awo ma haka: inci 12 ƙafa, ƙafa 3 yadi, yadi 1,760 mil. Malami zai tsaya ya ce, mutum ya sayi yadi 7 na alawayyo, kowane yadi sule 2 da sisi, ya ba da fam ɗaya, nawa ne canjinsa? Ba a taɓa alli ba, da ka za a yi. Yaron da ya ce canjin sule 2 da sisi ne, to ya ninka, ya mai da kwabbai sulalla, ya ɗebe, duk a cikin numfashi kaɗan. Wahala ce, amma wahalar da in an tashi makaranta zai tarar da ita a rumfar babansa, shi ya sa ta zauna.

Sai kuma mutumin da yau aka manta da shi, malami mai zagaya makarantu, wanda ake kira bizitin tica. Gogaggen malami ne da En'e ke ɗora wa makarantun yanki guda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan doki ko keke, wani lokaci ya kwana a garin. Yakan duba littafin shirin darasi, ya ɗauki littattafan yara ya ga ko ana gyarawa, ya zauna a baya malami yana koyarwa. In ya ga an kasa fahimtar da yara rabawa, sai ya karɓi alli ya yi darasin da kansa, malami yana kallo. Alhaji Shehu Shagari ya yi wannan aiki a lardin Sakkwato a shekarun 1950, kuma tun yana malamin aji ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasarsu da Hausa. Malaman da kansu ba su zauna jiran hukuma ba: a 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, don neman haƙƙinsu da ɗaga darajar sana'ar.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Makarantun nan 'yan kaɗan ne ƙwarai, gunduma guda sai ta tashi da ɗaya ko biyu. Yara mata ba su taka kara sun karya ba a cikinsu. Sau da yawa da ƙarfin dagaci ake ɗaukar yaro, iyaye suna kuka, masu hali kuma suna ɓoye nasu. Turawan mulki ma'aikatan En'e suke nema, ba su yi niyyar ilmantar da talakawa duka ba. Saukin kula da malami ya samu ne, a wani ɓangare, saboda malaman ba su da yawa. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai kewar elemantare ya kamata ya riƙe ta.

Shekarun 1970 ne suka girgiza komai a lokaci guda. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, mita da kilo suka fara korar yadi da laba, tsofaffin littattafan lissafi suka tashi aiki. A daidai lokacin ana ta yaɗa abin da aka kira lissafin zamani, wanda aka faro shirinsa a taron Entebbe ta ƙasar Yuganda a 1962: rukunonin abubuwa, zobba masu shiga juna, ƙirga da tushen biyu ko biyar maimakon goma. Masanan da suka tsara shi ba jahilai ba ne, kuma akwai hikima a cikinsa. Amma malamin ƙauye da aka horar kan jadawali da tsinken kara, bita ta 'yan kwanaki aka yi masa, in ma ya samu, aka ce ya je ya koyar. Kamar a miƙa wa manomi baƙon iri ana gobe shuka ne, ba a gaya masa irin ƙasar da yake so ba. A Janairun 1977 Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi a wani taro a Binin.

A duba lokacin da sokewar ta zo. Wata huɗu kafin nan, a Satumbar 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Niyya ce mai kyau, kuma miliyoyin 'ya'yan talakawa ta wannan ƙofa suka shiga boko. Amma malamai ba su isa ba, aka shiga horon gaggawa, aka ɗebi waɗanda ko horon ba su samu ba aka ba su aji. A shekarar ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta cike giɓin ta hanyar karatu daga nesa. Sabon malami, ga yara sun cika aji har ƙasa, ga manhajar lissafi an janye ta a tsakiyar shekara, ga mai zagayen da zai nuna masa hanya makarantu sun fi ƙarfinsa.

Abin takaici, an riga an san maganin. Tun farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin inganta firamare a jihohin Arewa shida na lokacin. Ta rubuta kayan koyarwa da Hausa, ta kuma naɗa masu horar da malamai da ke bin su har cikin aji, wato bizitin tica a sabuwar riga. A Ile-Ife ma Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin koyar da firamare shekara shida da Yarabanci a 1970. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A takarda an yarda, a aji kuwa malami ya ci gaba da rera Turancin da shi ma bai gama ji ba, saboda ba a kawo masa littafin Hausar ba.

Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, aka ce takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta. Takarda ta ƙaru, amma an yi asarar wuraren da aikinsu ɗaya shi ne koya wa mutum yadda ake koyar da yaro ɗan shekara shida baƙi da wasali. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta yi wa malaman dariya a gidajen rediyo da majalisu. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, waɗannan mutane su ne yaran da suka zauna a azuzuwan da ba mai duba littafinsu, kuma shekara nawa suka yi suna koyarwa ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsu?

A 'yan shekarun baya an ga shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauci da Sakkwato. In ka duba abin da suka yi, littafin yaro ne da Hausa, da jagoran malami mai darasin kowace rana, da mai ziyara da ke zuwa aji ya gyara. Kusan abin da aka yi a elemantare ne, sai dai yanzu da kuɗin baƙi, kuma ranar da wa'adin tallafi ya ƙare aikin kan yi sanyi. Kirana ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi shi ne su ɗauki wannan nauyi a cikin kasafinsu. A zaɓi gogaggun malamai a kowace gunduma, a ba su babur da kuɗin mai, a rage musu cike takardu, a ce aikinsu shi ne shiga aji ɗaya zuwa uku su taya malami koyar da rubutu da lissafi. Kafin a sake taron sauya manhaja a Abuja, a fara tabbatar da cewa kowane malamin aji ɗaya yana da littafin Hausa a hannunsa da wanda zai leƙo shi ko sau ɗaya ne a wata.