Hanyar Pitowa Ba Barsu



Duk wanda ya taɓa zama a Garwa ya san hanyar Pitowa. Ka bar gari ka hau titin Marwa, dutsen Tingilin yana hagunka, kansa a shafe kamar an sa wuƙa an yanke, kwarin Binuwai yana dama. Tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 15 ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, tun da sassafe titin ke cika da mashina, da amalanke, da mata ɗauke da ƙoren nono, da masu kifin Lagdo. Shekara talatin da wani abu ina bin wannan hanya, don na zo Kamaru a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa. Na zo da jaka ɗaya ta kaya da sunan wani kawuna a unguwar Hausare. Yau ga ni da iyali, da jikoki, da ɗan abin da Allah ya hore na cinikin shanu.

Bayan Pitowa kaɗan, in ka sauka daga kwalta ka nufi wajen Mayo Kebbi, kogin da ke gangarowa daga Cadi ya haɗu da Binuwai, nan garkena yake. Shinge ne na ƙaya, da bukka biyu, da wata tsohuwar tsamiya. Shanun da na saya a Adumri ko Pitowa nan suke hutawa, su sha ruwa su mayar da jiki, kafin a kora su ko a loda su a mota. Wani dattijo Bafulatani ke kula mini da su, shi da jikansa ɗan shekara goma sha biyu. Ya girme ni, don haka Baffa nake ce masa.

Shekara takwas, duk sanda na sauka daga kwalta, kafin in hango tsamiyar nan sai in hango kare ja, mai dogayen ƙafafu, yana tahowa a guje. Ya san ƙarar mashin ɗina a cikin mashina ɗari. Ba ya tsalle a jikina, an hore shi. Sai dai ya zagaya ni sau biyu, ya wuce gaba, yana waiwaye har mu isa. Watan jiya na bi hanyar, na sauka daga kwalta, na rage gudu kamar yadda na saba don kada in take shi. Sai da na kusa isa tsamiya na tuna babu wanda zai taryo ni.

Sunansa Barsu. Wasu makiyaya ne da suka sauko daga Cadi suka bar wa Baffa shi yana ɗan kwikwiyo. Da labari ya kai majalisarmu cewa Alhaji ya ajiye kare, magana ta yi yawa. Wani ya ce in Alhaji ya fara da kare, ko me zai biyo baya? Da na gaya wa Baffa, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, bar su." Sunan ke nan ya bi shi.

Wanda bai yi harkar dabbobi ba ba zai gane aikin karen garke ba. Shanun fatauci ba kamar na kiwo ba ne. Ka sayo bijimi daga wannan garke, karsana daga wancan, ba su san juna ba, kowa hankalinsa na gidansu. Daren farko shi ne daren wahala: su tunkuyi juna, su tura shinge, wani ya ɓalle ya kama hanyar da aka biyo da shi. Barsu ya san baƙon sa tun kafin a kwance masa igiya, kuma nan zai kwanta kusa da shi har gari ya waye. In ya ɓalle, ba ya cizo. Gabansa yake sha, ya yi ta haushi har Baffa ya iso da sanda.

Sai kuma ɓarayi. Mutanen arewacin Kamaru ba sa bukatar a ba su labarin zargina da masu satar shanu. Wani dare a cikin hunturu, shekara huɗu ke nan, mutane suka zo ta bayan shinge suka fara janye ƙaya. Shanu ashirin da uku ne a ciki, kuma rabin kuɗinsu bashi ne na wani abokin cinikina a Yola. Barsu ya tayar da Baffa, ya tayar da rugar da ke maƙwabtaka da mu, har mutanen suka gudu suka bar takalmi ɗaya. Wallahi da an kwashe shanun nan a daren, da yanzu ba ni ke rubuta muku wannan a matsayin ɗan kasuwa ba. Ladansa kuwa? Ragowar tuwon dawa da tsala, sai ƙashin da nake karɓo masa wurin mahauta ranar Lahadi.

Na taɓa tambayar malaminmu a kan ajiye shi, don raina ya kwanta. Ya ce shari'a ta yarda da kare na tsaron dabbobi, da na gona, da na farauta. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Har ya ba ni labarin da malamai ke bayarwa, cewa mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, shi ma ya ajiye kare don tsaron gidansa. Daga ranar ban ƙara sauraron masu magana ba. Haka dai nake zato.

Abin ya faru ne a farkon damina, ranar wata Talata. Muna zaune a majalisa bayan magariba sai wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Ya ce, "Alhaji, maciji ya sari Barsu. Kububuwa ce." Yaron ne zai je ya ɗaure maruƙa a dangwali, karen ya riga shi kamar kullum, ya cusa hanci a tarin karan da ke gefen hanya. A leɓe ta same shi. Baffa ya ce fuskar ta fara kumbura, ya ce ko zan zo.

Ga mashin a ƙofar gida, ga mai a ciki. Tafiyar rabin awa ce. Amma na dubi mutanen da ke zaune, dattawa da abokan ciniki, na ji nauyin in miƙe in ce musu zan bi dare saboda kare. Sai na ce, "Baffa, ka ba shi ruwa, gobe da safe ina nan tafe." Wani ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau, 'yar matsala ce a garke.

Kun san sunan da Hausawa suke kiran kububuwa da shi: gobe da nisa.

Da na yi sallar asuba na kama hanya. Na tarar da shi ƙarƙashin tsamiya, Baffa ya lulluɓe shi da buhu. Ya ce jini ya yi ta fita ta dasashinsa har tsakar dare. Ya ce duk sanda wani mashin ya wuce a kan kwalta sai ya ɗaga kai. Ban san dalilin da ya sa ya gaya mini wannan ba, kuma ban ji haushinsa ba. Gaskiya ce ya faɗa.

Yaron ya kawo fartanya da shebur. Muka haƙa rami mai zurfi a gabas da shinge, don kada wani abu ya tone shi, muka rufe, muka ɗora duwatsu. Babu wanka, babu salla, ai dabba ce. Muka tsaya shiru mu uku. Shanu suna ta kuka a buɗe musu, sai muka je muka buɗe musu.

Na sani ko da na je a daren, da wuya in cece shi. Allurar dafin maciji tana da tsada, mutane ma ba kullum suke samu ba, balle kare a daji. Kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke cina shi ne kunyar da na ji. Shekara takwas bai taɓa jin nauyin tashi da tsakar dare saboda dukiyata ba, ni kuwa dare ɗaya na kasa tashi saboda idon mutane.

Tunda magana ta kawo nan, bari in faɗa wa masu garke da masu gona abin da ya kamata su sani, don kwarin Binuwai tun daga Garwa har ƙasar Gombe gidan kububuwa ne. Ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, launinta irin na ƙasa da busasshen ganye. Da magariba da dare take fita, kuma an fi samun sara lokacin shuka da lokacin girbi. In ta fusata takan naɗe ta goga jikinta, ka ji sauti kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Shi ya sa mutum zai iya yini yana cewa ya ji sauƙi alhali jini na zuba a cikinsa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada a ɓata lokaci a kan baƙin dutse. A hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. A can sukan ɗibi jini a kwalba mai tsabta su jira minti 20. In bai daskare ba, allura ce magani. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a kan wannan aiki. Ku bincika tun yanzu wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye allurar, kada sai rana ta ɓaci.

Yaron Baffa da silifa yake bin hanyar nan kowace magariba, taku biyar a bayan karen. A ranar na sayo masa takalmin roba mai tsawo da tocila, shi da kakansa, muka kwashe tarin karan muka ƙone.

Mutuwar kare ba ta da zaman makoki. Babu mai cewa Allah ya ba ka haƙuri. Da na gaya wa wani dillali a kasuwa, sai ya ce, "Haba Alhaji, kare fa? Gobe in kawo maka uku." Ban ga laifinsa ba, da ni ma haka zan ce. Mutum ɗaya ce ta gane. Kwana uku ina juya tuwo ba na ci, sai uwargida ta zauna kusa da ni ta ce, "Alhaji, ba kare kake wa baƙin ciki ba, amana kake wa. Wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa, ai ba a ce ya yi wauta ba." Ita da ba ta taɓa yarda ya taka ƙofar gidanta ba. A daren na ci abinci.

An ce sabo turken wawa. To, na yarda ni wawan ne. Yanzu na ɗauki mai gadi, ina biyansa duk wata, mutumin kirki ne, amma barci yake yi kamar kowane ɗan Adam. Baffa ya ce shi ma ba ya runtsawa sosai, ko iska ta kaɗa ƙaya sai ya fito. Sababbin shanu biyu sun ɓalle a cikin wata ɗaya, ɗaya sai kusa da kogi aka samo shi.

Lahadin da ta wuce na tsaya wurin mahauta a Pitowa. Tun kafin in yi magana yaron ya ƙunshe ƙashi a leda ya miƙo mini, kamar yadda ya saba. Na karɓa na biya, ban ce komai ba. Da na isa garke, Baffa ya ce karyar rugar maƙwabta ta haihu, akwai wani ja a ciki, ko a karɓo mana. Na ce a kai wa uwar ƙashin nan tukuna, in sun buɗe ido zan je in gani.

Ku da kuke da mai yi muku tsaro, mutum ne ko dabba, in an kira ku a kansa, ku tashi ku je. Majalisa tana nan, za ku dawo ku same ta.

Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya kai kowa gida lafiya.