Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Larura ce ta kawo dafa sabulun ruwa gidanmu. Sa'ad da aka sake buɗe makarantu bayan kullen annobar korona ta shekarar 2020, aka ce lalle kowace makaranta ta ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Makarantar ekklesiya inda muke koyarwa ba ta da ƙarfin sayen na kanti kowane mako. Uwargida kuwa tun tana yarinya ta iya dafa sabulun salo wurin kakarta, daga baya ta koyi na ruwa. Sai ta ɗauki kuɗin adashinta ta sayi mai da sinadari. Mu kuma aka ba mu awo da rubuta lissafi, tun da yake aikin malami ke nan.

Bari mu faɗi irin sabulun da muke nufi, domin kada a ruɗe. Ba wanda ake haɗawa da salfonik da sauran sinadaran kasuwa ba ne, gama wancan ɗan'uwan garin wanki ne. Namu na mai ne, man gyaɗa da man alayyadi, a dafa su da kostik fotash. Fotash ɗin nan dangin ruwan tokar da kakanninmu ke tacewa ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa. Kostik soda takan ba da sabulu mai tauri, fotash kuwa yakan ba da mai taushi, mai saurin narkewa. Akan dafa har ya zama ƙullu mai danƙo, sa'an nan a narkar da ƙullun cikin ruwan zafi.

Tukunyar farko da ta biyu sun fito garau, kamar zuma a kwalba. Makaranta ta saya, maƙwabta suka saya, har uwargida ta fara lissafin kuɗin makarantar babbar 'yarmu daga ribar. A watan Disamba muka dafa mai yawa, muka narkar da rabi, muka cika jarka 3. Da gari ya waye sai ga sabulu ya gurɓace, ya yi fari-fari kamar ruwan gasara. Muka kai jarka ɗaya makaranta, aka dawo mana da ita, aka ce ba a sa wa yara abin da ba a san kansa ba. Ba mu ga laifinsu ba. Da mu ne, haka za mu yi.

Daren nan ba a ci tuwo da daɗi ba. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai ka kuskure awo ne?" Muka ɗauko littafin lissafi muka nuna mata, da ɗan zafin rai kuwa. Da muka wanke kanmu, sai mu biyu muka juya kan wadda ba ta nan, wato tsohuwar da ke sayar mana da man gyaɗa shekara da shekaru. Mijinta ya rasu, da man nan take riƙe da jikokinta. Muka ce labudda ta gauraya man da wani abu. Har muka shirya da safe za mu je mu faɗa mata a gaban mutane, mu kuma zubar da sabulun.

'Yarmu ce ta tsai da mu. Ta ce, "Baba, ai kai ne kake ce wa 'yan aji kada su rubuta amsa sai sun nuna aiki." Kunya ta kama mu. Muka ɗauko ƙananan kwalabe 4, muka yi niyyar gwada abu ɗaya ɗaya, gama in an canza abu biyu tare, ba a sanin wanda ya yi aiki.

A kwalba ta 1 muka zuba gurɓataccen sabulun, muka tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi. Ya ɗan washe, amma bai koma garau ba. Ashe hunturu yana da nasa rabo. Akwai wani sashe na mai wanda sabulunsa ba ya narkewa sosai cikin sanyi, shi ne yakan yi hazo, in ya ji ɗumi ya sake narkewa. Manja da man kaɗanya da kitse sun fi yawan wannan sashe, domin haka ba su cika ba da sabulun ruwa mai haske ba, ko da yake sabulunsu yana da kyau ga jiki.

A kwalba ta 2 muka narkar da cokali ɗaya na ƙullun da ya rage cikin ruwan rijiyarmu, ba turare, ba launi. Nan take ya yi fari.

Kwalba ta 3 tana bukatar ruwa marar gauraye. Muka ɗora tukunya a wuta, muka riƙa tara zufar murfinta a kofi har ta isa. Muka narkar da cokali ɗaya na ƙullun nan cikinta, muka bar shi ya huce. Garau ya fito, har ana karanta rubutu ta cikin kwalbar. Uwargida ta riƙe baki. Sai a sa'an nan muka tuna, tukunyar farko da ta biyu da ruwan sama muka narkar da su, wanda muka tara a duro ƙarƙashin indararo. Duron ya ƙare a ƙarshen Nuwamba, muka koma rijiya ba tare da mun kawo kome a rai ba.

Ga dalilin. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin dutse iri biyu, kalsiyam da magniziyam. Su ne sukan bar farin ɓawo a cikin butar shayi. In suka gamu da sabulun mai, sai su haɗe da shi su zama wani farin abu wanda ba ya narkewa, kumfa ma ta ragu. Tafasa ruwa takan rage wani sashe na gishirin nan, amma ba ta kawar da shi duka. Ruwan sama kuwa kusan ba shi da su.

A kwalba ta 4 muka ɗiga turare kan sabulu mai haske, ya ɗan yi hazo. Turare mai ne, in ya yi yawa sabulu ba ya iya shanye shi. Tun daga ranar, sai mun gwada turare a ƙaramar kwalba kafin mu zuba a jarka.

Kwalba ta 3 ta wanke mutum biyu, mai awo da mai sayar da mai. Da awon ya kasa, ko dahuwa ba ta kai ba, da ko a tsabtataccen ruwa ma sai ya yi fari kamar madara, domin sauran man da bai zama sabulu ba. Wannan shi ne abin da ya fi samun masu koyo, domin haka bari mu ɗan tsaya a kansa. A shekarar 1823 wani masani na ƙasar Faransa mai suna Chevreul ya buga bincikensa a kan kitse da mai, inda ya nuna cewa in mai ya gamu da sinadari mai ƙarfi irin fotash, yakan rabu ya zama sabulu da gilisarin. Kowane mai da gwargwadon fotash ɗin da yake ci. Kilo 1 na man gyaɗa yana cin wajen giram 190, kilo 1 na alayyadi kuwa wajen giram 245. Wannan lissafin tsantsar fotash ne. Wanda ake sayarwa galibi kashi 90 cikin 100 ne, saura danshi da ƙazanta, sai a ƙara kaɗan domin cike giɓin. Wanda ya auna da gwangwani maimakon sikeli, ko ya bar fotash a buɗe ya sha iska, mai zai ragu a tukunyarsa.

Amma fa ku lura, masu karatu. Haske ba shaidar lafiya ba ne. Sabulun da fotash ya yi masa yawa yakan fito garau, ga shi kuwa yana cin hannu. Akwai takardar gwaji mai canza launi, wadda ake samu wurin masu sayar da sinadarai. Sabulun mai na kirki yakan nuna 9 zuwa 10. In ya kai 12, kada a ba yaro. Kada kuma a yi ta matsa lemun tsami domin a rage masa kaifi, gama tsami in ya yi yawa yakan tsinke sabulu, mai ya taso sama, ya fi dā gurɓacewa. Wurin haɗawa, fotash ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan fotash. A sa safar hannu da tabarau, a kori yara, a kuma guji tukunyar dalma, domin fotash yana cinta.

Jarkokin nan 3 ba mu zubar ba. Muka gwada da takarda, muka ga ba su da kaifi. Muka rufe su muka ajiye a ɗaki mai ɗumi mako 2. Farin abin ya ware, muka tsiyaye mai hasken a hankali. Bai kai na dā kyau ba, sai muka sayar wa maƙwabta da rangwame domin wanke-wanke, bayan mun faɗa musu abin da ya same shi. Sauran ƙullun muka narkar da ruwan sama na tankin wani maƙwabci, makaranta ta karɓa. Riba ta ragu, amma uwar kuɗi ta dawo, yarinya ta koma makaranta a Janairu.

Ranar kasuwa muka je wurin tsohuwar. Ta tarbe mu da murna, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Yaya uwargida da yara?" Ta cika mana galan, ta ƙara gyara kamar yadda ta saba. Ba ta san abin da muka faɗa a kanta cikin ɗakinmu ba. Mun daɗe muna tunanin abin da zai sami cinikinta da mun buɗe baki a gaban mutane, alhali kuwa mai laifin yana tsakar gidanmu, muna jan sa da guga kowace safiya.

Yanzu duro 2 muke tarawa kowace damina, mu rufe su domin sabulu kaɗai. Ba mu narkar da ƙullu sai daidai wanda za a sayar. In kuwa naku ya gurɓace, kada ku zubar, kada ku ƙara masa kome tukuna, kada kuma ku kama sunan kowa. Ku nemo kwalabe 4.