Firji a Cikin Kwale-kwale: Lissafin Sanyi a Tafkin Kainji

Kifi yakan fara lalacewa tun daga lokacin da ya daina motsi a cikin koma. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin ƙasar Yauri ke kai digiri 40, kamun asuba da bai samu sanyi ba da wuya ya kai magariba da mutuncinsa. Shi ya sa duk wanda ya san bakin ruwan Yelwa ko kasuwar Wara ya san ƙamshin banda. Hayaƙi ne madogarar masunta tun kaka da kakanni. Sai dai banda tana cin itace, tana rage nauyin kifi, kuma mai otal a Kaduna ko Abuja ɗanyen giwan ruwa yake nema.

Akwai kuma tazara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu, yawancinsu Gungawa da maƙwabtansu. Tsakanin inda ake kamu da inda ake ciniki, yanzu tafiyar awoyi ce a kan ruwa.

Kawuna yana cikin masu bin masunta gungu-gungu da kwale-kwale mai inji, su sari kifi su kawo Yelwa. A bara ya kira ni ya ce, "Ɗana, ku da kuke birni, a nemo mini ƙaramin firjin nan da ake haɗa wa batir." Na ce, "To Kawu, me za ku zuba a ciki, kuma awa nawa zai yi a kan ruwa?" Ya yi dariya ya ce me ake zubawa in ba kifi ba. Daga wannan tambayar na fara bin shaguna, kuma a kanta duk zaɓin ya rataya.

Abin da ake sayarwa da sunan firjin tafi-da-gidanka iri uku ne. Na farko shi ne mai araha, wanda ba shi da kwamfuresa, sai wani ɗan faranti na lantarki da fanka. Iyakar ƙoƙarinsa ya sauko da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin waje. A ranar da Yauri take digiri 40, cikinsa ba zai sauka ƙasa da 20 ba: ya isa sanyaya ruwan sha, amma kifi zai ruɓe a cikinsa cikin natsuwa. Araha ba ta ado. Na biyu shi ne mai aiki da iskar gas ko kananzir, irin wanda aka daɗe ana gani a ƙananan asibitocin karkara. Wannan sai an ajiye shi a daidai, ba karkata, ga kuma harshen wuta kusa da jarkar fetur. Kwale-kwale kuwa ba ya rabuwa da tangaɗi. Na uku shi ne mai kwamfuresa da ke aiki da batir mai bolt 12, irin na kamfanonin Engel da Dometic. Yana jure karkata, yana kai wa ga daskarewa ko da rana ta take. In dai firji za a sa a jirgi, wannan ne kaɗai ya cancanta.

Amma ko shi ma sai an yi masa lissafi. Firji mai lita 40 zai ɗauki kifi kamar kilo 20. Kafin ƙaramin injinsa ya zuƙe zafin wannan kifi daga digiri 30 zuwa sifili, zai kwashe kimanin awa 10, wato kusan daidai lokacin da kifin ke buƙata ya lalace. An ƙera shi ne don ya riƙe sanyin abin da ya riga ya yi sanyi. Ƙanƙara kilo 7, in aka farfasa ta aka jera ta tsakanin kifin, za ta yi wannan aiki cikin awa ɗaya ko biyu, ruwan da take narkewa kuma ya wanke yauƙin jikinsa. Saboda narkewar hanya, ƙa'idar da masana kifi ke bayarwa a ƙasashe masu zafi ita ce kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Kawu yakan ɗauko fiye da kilo 100 a tafiya guda. Firji biyar ke nan.

Sai batun wuta. A irin zafinmu, firji mai lita 40 yakan sha kusan rabin batir mai amfiya 100 a kwana ɗaya, kuma rabin nan ne iyakar abin da ya kamata a zuƙa daga batir na dalma in ana so ya yi ƙarko. Yawancin ƙananan injinan kwale-kwale ba sa cajin da zai maye wannan gurbi, don haka dole a ƙara farantin sola mai wat 100 ko fiye, da na'urar daidaita caji, da akwatin da zai kare su daga feshin ruwa.

Duk waɗannan nauyi ne, kuma a wannan tafki ba a wasa da nauyi. Batir na dalma shi kaɗai ya kusa kilo 30. A haɗa da firji da faranti, an kai nauyin babban mutum. Babu wanda ya manta ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka tsira, hukumomi suka ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima. Duk abin da aka ƙara wa jirgi, a sa shi ƙasa, a tsakiya, a ɗaure shi, kada kuma ya cinye wurin rigunan ceto.

Inda ƙaramin firji ya fi ƙanƙara shi ne kaya kaɗan masu tsada da ba sa son daskarewa. Allurar rigakafi tana buƙatar digiri 2 zuwa 8, kuma wasu, kamar ta sandarau da ta ciwon hanta, sukan mutu in suka daskare alhali kwalbar tana nan garau. Haka insulin ɗin masu ciwon sukari. Ga ma'aikacin lafiya da ke ratsa ƙauyukan bakin ruwa a Shanga ko Ngaski, abin nema shi ne akwati ko firjin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, da ma'aunin zafi a cikinsa, domin uwar da ta kawo jaririnta ba ta da hanyar gane cewa abin da aka yi masa ya riga ya tashi aiki.

Kawu dai kula biyu ya saya, manya, masu kaurin bango da 'yar kafar tsiyaye ruwa a gindi, ya ɗinka musu rufi na buhun algarara da yake jiƙawa. Kuɗin bai kai rabin na firji da batir ba, ragowar ya zuba a jari.

Matsalarsa yanzu ƙanƙarar ce. A bakin tafkin da madatsarsa ke da ƙarfin megawat 760, ranar da wuta ta ƙi zama a gari, tsadar ƙanƙara kan cinye ribar tafiya. Wannan ya fi ƙarfin aljihun ɗan kasuwa guda. Injin ƙanƙara mai aiki da sola a mashigar Yelwa, wani a Wara, ƙarƙashin ƙungiyoyin masunta, zai amfani ɗaruruwan jirage da ba za su taɓa iya sayen firji ba. Cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa tana nan a New Bussa, a ƙarshen tafkin ta kudu, da masanan da za su iya auna girman injin da kowace mashiga ke buƙata. Abin da ya rage wa shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga shi ne su sa shi a kasafin kuɗi kafin wata bazarar ta zagayo.