Montiriyal: Daren Da Aka Bar Raga Ba Mai Tsaro

Birnin Montiriyal yana bisa wani tsibiri ne a tsakiyar kogin Saint-Laurent, cikin jihar Kubek ta ƙasar Kanada. Yawancin mutanensa Faransanci suke yi. A watan Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da sifili, har ruwa ya daskare ya zama kamar daɓe, kuma a kan wannan daɓen ne yaran garin suke koyon wasan da ya fi kowane daraja a wurinsu, watau hoki na kan ƙanƙara. Mutum shida ne a kowane gefe, har da mai tsaron raga. Suna sa takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa.

Wanda ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Atwater, ya fito inda titin Atwater ya haɗu da na Sainte-Catherine, zai ga wani babban gini a kusurwa. Shi ne Forum, wanda aka buɗe a 1924. Nan ne gidan ƙungiyar Canadiens har zuwa watan Maris na 1996. An kafa ƙungiyar a 1909, ta kuwa ci kofin Stanley sau 24, ba wadda ta kamo ta. Mutanen wannan titi sun saba da nasara har suna ganin gadonsu ce. Abin da ya sa ke nan ba su manta da ran 5 ga Afril, 1970 ba.

A wancan zamani ƙungiyoyi shida ne a rukunin Gabas, huɗu na sama kaɗai ke shiga zagayen neman kofi. Kowace takan yi wasa 76. Nasara maki biyu, kunnen doki maki ɗaya. Canadiens ce ke riƙe da kofin, don ita ta ci a 1968 da 1969, amma da aka wayi gari ranar ƙarshe tana ta huɗu da maki 92, ƙungiyar Rangers ta Niyu Yok na biye da ita da 90. In Rangers ta ci wasanta, Canadiens ta faɗi, sun yi daidai a maki, sun yi daidai a yawan nasara. Doka ta ce daga nan sai a ƙidaya yawan cin da kowace ta zuba a raga a shekarar. Canadiens na da 242, Rangers 237. Da wuya a sami wanda ya ga abin tsoro a wannan lissafi.

Da rana Rangers ta karɓi Ditiroit, wadda ta riga ta sami gurbinta. Sau 65 'yan Niyu Yok suka kai hari raga, aka tashi 9 da 5. Nan take lissafi ya juye, Rangers ta koma 246. Mutanen Montiriyal sun daɗe suna gunaguni cewa Ditiroit ba ta dage ba, kuma ba a rasa dalilin gunagunin ba.

Da dare Canadiens ta shiga fili a Shikago, Forum yana rufe, masu goyon bayanta na gida sun kasa kunne. Hanya uku ta rage mata: ta ci wasan, ko ta yi kunnen doki, ko ta zuba biyar ko da an cinye ta. Ga shi ita ma Shikago tana neman zama ta ɗaya a rukunin, ba ta zo da wasa ba. Saura kamar minti tara da rabi a tashi, Shikago na da 5, Montiriyal 2. Sai mai koyar da 'yan wasa, Claude Ruel, ya ga nasara ta kuɓuce, abin da ya rage shi ne cin uku. Ya fitar da mai tsaron raga, Rogatien Vachon, ya sa wani mai kai hari a madadinsa. Akan yi wannan dabara a mintin ƙarshe. Yin ta tun da sauran lokaci haka kuwa sai wanda ruwa ya ƙare wa. Ba su ƙara ko ɗaya ba. Shikago ta jefa biyar a ragar da ba kowa, aka tashi 10 da 2.

Rabon Canadiens da rasa zagayen kofi tun 1948. Toronto ma ta faɗi, saboda haka a shekarar ba ƙungiyar Kanada ko ɗaya a ciki. Abin da ya fi ci musu rai, maki 92 ɗin nan ya fi na kowace ƙungiya a rukunin Yamma, inda Oakland ta shiga da 58 kacal. Bayan wannan aka sake dokar ƙidayar ci. Shekara na zagayowa, a 1971, Canadiens ta koma Shikago ta ɗauko kofin a wasa na bakwai.

A 1997 gwamnatin Kanada ta sa Forum cikin wuraren tarihi na ƙasa. An rushe cikinsa, aka sake buɗe shi a 2001 da ɗakunan silima da kantuna, aka zana da'irar tsakiyar fili a daɓen, aka ajiye waɗansu tsofaffin kujeru a gefenta domin masu wucewa. Ita ƙungiyar tana wasa a Centre Bell, tafiyar 'yan mintoci gabas da nan, kofinta na ƙarshe kuwa shi ne na 1993, wanda ta ɗaga a cikin tsohon ginin.