Fitilar Da Ta Kusa Cinye Mana Amana

Da shugabannin zaure suka ce wannan karon mu ne a layi, niyyarmu mu zuba muku hotunan tankinmu, mu sha yabo, mu kama gabanmu. Sai uwargida ta ce a'a, in dai za mu rubuta, to mu rubuta ɓarnar da muka yi, ita ce za ta amfani wani. Mu biyu muka zauna muka haɗa wannan, mata da miji, domin tare muka yi laifin.

A Jidda muke zaune, a bakin Bahar Maliya. Kafin zuwanmu nan, abin da muka sani da murjani bai wuce jan dutsen wuya da kakanninmu ke ɓoyewa a ƙasan adaka ba. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa dabba ce mai rai ba. Daga baya muka gane cewa wancan jan murjanin, wanda asalinsa daga Bahar Rum yake, a cikin kogunan ƙarƙashin ruwa da wurare masu inuwa yake rayuwa, babu ruwansa da rana. Wanda muke kiwo a tanki kuwa akasinsa ne. A cikin namansa akwai wasu ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke karɓar haske su dafa abinci kamar yadda ganyen bishiya ke yi, su ci, su ba shi mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. Su ne ma ke ba shi launin ruwan ƙasa. Saboda haka fitilar da ke saman tankin murjani ita ce murhunsa. In wuta ta yi kaɗan ya kwana da yunwa, in ta yi yawa girki ya ƙone.

Shekara uku muna da ƙaramin tankin ruwan gishiri mai lita 300, cike da murjani masu taushi, irin waɗanda ko ka yi musu kuskure suna yafe maka. Wanda ya koya mana komai wani dattijo ne maƙwabcinmu, injiniya, da muke kira Baba. Da ya yi ritaya zai koma ƙasarsu, sai ya rarraba abin da ke tankinsa. Mu ya ba mu mafi daraja: wani murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, daga dangin Akurofora, kore mai shuɗin baki. Yana kamar ɗan yatsa ya saye shi a wurin masu kiwo, ya rene shi shekara takwas har ya kai faɗin faifai. Da zai miƙa mana bokitin sai ya ce, "'Ya'yana, kada ku yi masa gaggawa." Muka ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ashe ba mu ji ba.

Saboda shi muka sa aka haɗa mana babban tanki: tsawo santimita 180, faɗi 60, zurfi 60, wato wajen lita 650. Gilashi da duwatsu da famfuna suka cinye kusan duk abin da muka tara. Da aka zo kan fitila, aljihu ya riga ya yi sauƙi, ga zaɓi uku a gabanmu.

Na farko shi ne ƙwan halayid, tsohon hannu. Yana da ƙarfi, yana ratsa ruwa har ƙasa, yana kuma sa haske ya riƙa rawa a kan yashi kamar a teku. Amma tanki mai tsawon namu yana buƙatar ƙwai uku masu wat 250, wat 750 ke nan. In ya yi awa tara a rana, a wata ya sha wajen yunit 200, ban da na'urar sanyaya ruwa da dole ka ƙara, don zafin da yake fitarwa ba wasa ba ne. Ruwan murjani ana son ya tsaya a digiri 25 zuwa 26. Wanda ya san bazarar Jidda ya san ba ma neman ƙarin zafi a falo.

Na biyu shi ne dogayen ƙwayaye na T5, waɗanda Baba ya yi amfani da su duk shekarun nan. Haskensu shimfiɗaɗɗe ne, yana zuwa daga ko'ina, ba ya barin inuwa a ƙarƙashin rassa. Matsalarsu, ƙwai takwas masu wat 80 wat 640 ne, kuma duk shekara sai ka sauya su ko da ba su mutu ba, domin ƙarfinsu na raguwa a hankali ba tare da ka lura ba.

Na uku LED. Ba ya shan wuta sosai, ba ya dafa ruwa, yana daɗewa, kuma daga wayarka za ka ƙara shi ko ka rage shi, har ka tsara masa fitowar rana da faɗuwarta. Shuɗin LED ɗin nan da muke wasa da shi a waya, shi ne ya ba masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Shi muka zaɓa, kuma har gobe ba mu yi nadamar zaɓin ba. Nadamarmu tana kan yadda muka yi amfani da shi.

Kuskuren farko na lissafi ne. Irin fitilun LED masu dunƙulallen kai, kowace tana wadatar da fili kamar santimita 60 a kan 60 ne. Tankinmu na buƙatar uku, in ma da hali huɗu. Mu kuwa muka sayi biyu mafi ƙarfi a shagon, muka ce ƙarfi zai rufe giɓin yawa. Bai rufe ba. Abin da muka samu shi ne wurare biyu masu ƙuna daidai ƙarƙashin fitilun, tsakiya da kusurwoyi kuma suna cikin duhu-duhu.

Kuskure na biyu na ido ne, kuma shi ya fi muni. Ranar da muka kunna, uwargida ta tsaya ta kalli falon ta ce, "Abban yara, wannan ai kamar an rina mana gida a marinar Ƙofar Mata. Ka ƙara farin." Maigida ya ce shuɗin murjani ke so. Kuma gaskiyarsa. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a sama, kafin a kai mita 10 ya kusa ƙarewa, shuɗi ne ke nitsawa can ƙasa. Maigida ya taɓa yankewa a yatsa yana nutso a Abhur, arewa da gari, ya ga jininsa ya fito kore-kore. Gansakukan da ke jikin murjani sun saba da wannan shuɗin, da shi suka fi yin aiki.

Sai dai idon ɗan Adam ya fi jin haske mai ruwan kore da rawaya, shuɗi kuwa ko yana da ƙarfi sai ya gan shi dishi-dishi. Don haka mu biyun muka yarda a kan abu ɗaya: tankin bai yi haske ba. Don a raba gardama, muka kai shuɗin ƙarshe saboda maigida, muka kai farin ƙarshe saboda uwargida. Kowa ya samu abin da yake so. Muka ɗora murjanin Baba a kan dutse mafi tsawo, daidai ƙarƙashin fitilar dama, don duk wanda ya shigo ya fara ganinsa. Awa goma sha biyu kullum.

Bayan mako guda bakin rassan ya fara fari. Muka yi murna, domin a irin wannan murjani farin baki alamar sabon tsiro ce. Har hoto muka ɗauka. Kwana huɗu bayan nan farin ya gangaro zuwa rabin rassan sama, koren ya koɗe kamar atamfar da aka manta a igiya. Ƙananan bakunan da ke fitowa daga jikinsa kamar gashi duk suka shige ciki. Muka auna gishiri, daidai. Muka auna zafi, 26. Muka sauya ruwa har sau biyu. Komai muka zarga ban da fitila, saboda ita ce abu mafi tsada a tankin, kuma a idonmu kyau take yi.

Wani ɗan uwa mai kiwo ne ya zo da na'urar auna hasken da tsiro ke iya amfani da shi, wanda ake kira PAR. 'Yar ƙwallo ce a bakin sanda, kana nitsa ta a ruwa lamba na fitowa. Abin da masu kiwo suka saba bi shi ne, murjani masu taushi da masu manyan baki suna jin daɗi tsakanin 50 da 150, masu rassa irin na Baba kuma tsakanin 200 da 350. Ya sa sandar a kan dutsenmu, lamba ta haura 600. Ya kai ta kusurwar hagu a kan yashi, 40. A tanki ɗaya, wani na ƙonewa, wani na yunwa. Ya dube mu bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Abin da ke faruwa shi ne, in haske ya fi ƙarfin gansakukan nan, sai su fara fitar da abin da ke cutar da naman murjanin, shi kuma ya kore su daga jikinsa. Farin da kake gani ƙashinsa ne ta cikin nama da ya zama garau. Bai mutu ba tukuna, amma ya kori mai dafa masa abinci. Irin wannan koɗewar ce ta afka wa babban shingen murjani na Ostireliya a 2016 da 2017, can zafin ruwa ne ya jawo ta. Mu kuwa da yatsanmu muka jawo ta, a kan waya. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

A daren muka sauke murjanin zuwa tsakiyar tanki. Muka mayar da fitilu kashi 40 cikin 100, muka ɗaga su daga santimita 15 zuwa 30 a saman ruwa don hasken ya bazu, muka rage lokaci zuwa awa takwas. Muka fara ba shi abincin ruwa da daddare, tunda ba shi da mai girki. Uwargida ta cire kuɗin da take tarawa na sauya kujerun falo ta ce a sayo fitila ta uku. Bayan wata biyu muka ƙara dogayen T5 guda biyu, gaba da baya, don su cike inuwar da LED ke bari a ƙarƙashin rassa. Daga nan duk mako kashi biyar kawai muke ƙarawa, kuma sai mun ari na'urar mun auna. Akwai littafi a gefen tanki yanzu, kowace lamba da ranarta.

Rassan sama ba su dawo ba. Naman ya saɓule, gansakuka mai gashi ta rufe ƙashin, dole muka sa almakashi muka yanke. Kusan rabin aikin shekara takwas ya tafi cikin kwana goma sha ɗaya. Na ƙasa, waɗanda inuwar 'yan uwansu ta kare, suka fara yin ruwan ƙasa a wata na biyu. Ba mu taɓa murnar ganin launi mara kyau kamar ranar ba. Koren bai dawo ba sai a wata na huɗu.

Abu mafi nauyi shi ne gaya wa Baba. Duk Juma'a yakan turo saƙo yana tambayar "yaronsa". Mako uku muna tura masa tsohon hoto. Uwargida ce ta ce wannan ya zama cin amana biyu, mu kira shi. Muka kira, maigida ya yi bayani tun daga farko bai rage komai ba. Baba ya yi shiru, sannan ya tambayi lambar da muka samu. Da ya ji, sai ya ce a tankinsa wurin da murjanin yake bai taɓa wuce 250 ba, yana rubuce a littafinsa, da mun tambaya da ya faɗa mana. Wannan maganar ta fi faɗa zafi. Sai ya ce in ya warke mu yanki rassa biyu mu ba mutum biyu daban, kada ya sake zama a hannun gida ɗaya. Mun yi hakan. Ɗaya na wurin mai na'urar nan.

Ga wanda ke shirin haɗa babban tanki, ga abin da muka saya da tsada, ku karɓa kyauta. Ku fara yanke shawarar irin murjanin da za ku kiwata kafin ku je shagon fitila, don masu taushi ba sa buƙatar rabin abin da masu rassa ke buƙata. Ku ware kuɗin fitila tun kafin a yanka gilashi. Matsakaita uku ko huɗu sun fi manya biyu. Duk murjanin da ya shigo, ku tambayi mai shi hasken da ya saba da shi, ku fara masa daga ƙasa da haka, domin ƙarancin haske yana ɗaukar makonni kafin ya yi illa, yawansa kuwa kwanaki. In ba ku da na'urar aunawa ku ara, ko ku haɗa kuɗi ku saya a matsayin ƙungiya. 'Yan uwa da ke gida masu dogaro da sola da batir, ku lissafa wat ɗin fitila da awanninta tun farko, kuma ku sani in wuta ta ɗauke, famfon da ke motsa ruwa ya fi fitila gaggawa. Murjani zai jure kwana biyu ko uku babu haske, amma ruwan da ya tsaya cik yana iya kashe tanki cikin awanni.

Gardamar shuɗi da fari kuwa, mun sasanta. Da rana shuɗi ne ya fi yawa. Daga la'asar zuwa magariba, lokacin da muke zama a falo, farin yana ɗan tashi, shuɗin ya ɗan sauka, jimillar ba ta canzawa. Kujerun falo har yanzu tsofaffin ne.

Wanda ya taɓa haɗa LED da T5 a tanki mai zurfin da ya wuce santimita 60, muna son jin lambobin da ya samu a kan yashi. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.